Haƙora biyar babu: wani ya ce dashe biyar, wani ya ce uku. Wanne zan bi?

MaiYadi ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah duk wanda ya san harkar dashen haƙori, ko shi aka yi wa ko wani nasa, ya taimaka min da shawara don kaina ya kulle.

Shekarata 46, haƙora biyar ne babu a bakina. Uku na ƙasa ne ɓangaren hagu a jere, turame biyu da ƙaramin da ke gabansu, su ruɓewa suka yi aka riƙa cirewa ɗaya bayan ɗaya tun shekarun baya, yanzu bayansu babu komai sai dasashi har ƙurewar baki. Sauran biyun na sama ne ta gaba, babban na tsakiya da ƙaramin da ke gefensa, su kuma hatsarin babur ne bara. An yi min na roba mai cirewa a gaban amma gaskiya ba na jin daɗinsa ko kaɗan, ina cikin ciniki da kwastoma sai in ji yana rawa, ga shi ya rufe min ganɗa har ɗanɗanon abinci ya canza min. Tauna kuwa gefe ɗaya nake yi shekara da shekaru, tsire da kilishi sai dai in raka da ido, in na matsa wa kaina muƙamuƙin dama ya gaji.

Na je wani asibitin kuɗi suka ce dashe biyar za a yi, kowane giɓi da notinsa, wato ƙarfen da ake kafawa cikin ƙashi a madadin saiwar haƙori, kuɗin da suka lissafo min sai da na nemi wajen zama. Na je wani wajen kuma likitan ya duba ya ce uku ma sun isa, biyu a ƙasa ɗaya a sama, amma ba zai taɓa ni ba sai na yi wani hoto na musamman da gwajin suga, kuma wai aikin zai kai wata shida ko ma fiye, ƙila ma sai an ƙara min ƙashi a gaban. To abun da na kasa ganewa, ta yaya uku za su ɗauki biyar? Ko dai ya ga alamar aljihuna ne yake lallaɓa ni, daga baya abu ya zo ya karye in yi biyu babu? Sannan wannan wata shidan fa, alhali wani maƙwabcina a kasuwa ya ce a Turkiyya ko Masar cikin sati ɗaya ake gama wa mutum baki gaba ɗaya ya dawo gida.

Ina da suga amma ina shan magani, ba na shan taba, goro dai kam ina ci sosai. Kuma ina son jin matsayin abun a addini tunda ƙarfe ne za a binne a jikin mutum. Na gode.

LikitanBaki ya rubuta:

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi ya kiyaye gaba. Aikina kenan, amma tunda ban leƙa bakinka ba abun da zan faɗa na gaba ɗaya ne, hukunci na wanda ya duba ka ne.

Maganar uku su ɗauki biyar ba lallaɓa ba ce, haka ake yi a ko'ina. Kai da ka taɓa gini ka san ba kowane bulo na saman ƙofa ake yi wa ginshiƙi ba, ginshiƙi biyu ake kafawa a ɗora linta a kai. To a ƙasan nan naka noti ɗaya a farkon giɓin, ɗaya a ƙarshe, sai a ƙera haƙora uku a haɗe a ɗora musu, na tsakiyar yana zaune a saman dasashi ba shi da noti a ƙarƙashinsa. Gada muke ce masa. Har mutumin da babu haƙori ko ɗaya a muƙamuƙi ana iya ɗora masa jeri guda cur a kan noti huɗu ko shida, ina ga uku. A saman kuma akwai dalilin da ya fi na kuɗi ma. Ƙaramin haƙorin nan na gefe wajensa matsattse ne, kuma ana son a bar kamar milimita 3 na ƙashi tsakanin noti da noti, in aka cusa biyu kusa da juna ƙashin da ke tsakaninsu yakan zaizaye, ɗan naman nan mai tsini da ke cike tsakanin haƙora ya janye, sai ka ga wani baƙin rami in mutum ya yi dariya. Shi ya sa likitoci da yawa suka fi son noti ɗaya a gurbin babban, ƙaramin ya rataya a jikinsa, tunda ba shi ke ɗaukar nauyin tauna ba. Ba wai na ce masu biyar ɗin cuta suka shirya ba, akwai bakin da ake ƙara yawan noti, misali in ƙashin ba shi da tsawo dole sai gajeru za a sa, ko mutum mai cizon haƙora cikin barci. Amma duk wanda ya faɗi adadi ba tare da ya ga hoton ƙashi ba, to kintace ya yi.

Hoton nan da aka ce ka yi, CBCT ake kiransa, ka yi shi ko da a ina za ka ƙare. Hoto na yau da kullum tsayin ƙashi kawai yake nunawa, wannan kuma yana nuna har kaurinsa. A muƙamuƙin ƙasa akwai wata jijiya da ta ratsa ta cikin ƙashi daidai ƙarƙashin turame, ita ke ba leɓen ƙasa da haɓa ji, in injin huda ya taɓa ta mutum zai iya zama da mataccen leɓe na watanni, wani ma har abada. Da hoton ake auna milimita nawa ne tsakanin saman ƙashi da ita. Kuma kai da ka daɗe da cire na ƙasan, ka sani ƙashi in babu saiwa a cikinsa shanyewa yake yi, a shekarar farko kaɗai faɗinsa kan iya raguwa kusan rabi, daga nan ya ci gaba a hankali. Na gaban kuma hatsari ne, ɓawon ƙashin da ke ta wajen leɓe siriri ne ƙwarai, sau da yawa tare da haƙorin yake tafiya, shi ne dalilin maganar ƙarin ƙashi. Wani abun da za a duba kuma haƙoranka na sama da ke kallon giɓin ƙasa, in sun daɗe ba abokin karo sukan zazzago, har su cinye wajen da sabon zai zauna.

Wata shida ba jan rai ba ne. Notin na titaniyom ne, kuma ba ɗaurin da aka yi masa ranar aiki ne ke riƙe shi ba, ƙashi ne ke girma ya manne da jikinsa, wannan kuma ba a yi masa gaggawa. A ƙasa kamar wata uku, a sama da ƙashin ya fi taushi wata huɗu zuwa shida, in an yi ƙarin ƙashi lissafin ya ƙaru. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Branemark ne ya gano wannan mannewar tun 1952 yana bincike a ƙashin zomo, ya sa wa mutum na farko a 1965, kuma mutumin da su ya rayu shekara 40 da ɗoriya har ya rasu. Don haka abun ba gwaji ba ne, sama da kashi 90 cikin ɗari suna nan daram bayan shekara 10.

Suga ba ya hana dashe, sugan da ba a kula da shi ne ke hanawa, don ciwo ba ya warkewa da wuri kuma ƙwayoyin cuta sun fi samun dama. Kar ka kai masa gwajin yatsa na safe, HbA1c yake nufi, wanda ke nuna yanda suganka ya kasance a wata ukun da suka wuce. Yawancinmu muna son mu ga 7 ko ƙasa, in ya haura 8 a dakata a gyara tukuna. Rashin shan taba kuwa babban jari ne gare ka.

UwarGida ta rubuta:

Sannu Alhaji. Ni an yi min irin na ƙasan nan naka sak, biyu suka ɗauki uku, sai dai nawa dama ne. Bari in faɗa maka yanda abun yake don tsoron da na sha kafin ranar ya fi aikin kansa yawa.

Idona biyu aka yi, allurar kashe wuri ce kawai irin ta cire haƙori. Zafi babu, amma kana jin girgizar injin har cikin kanka, ga ruwan sanyi suna ta fesawa wata ma'aikaciya na zuƙewa da tiyo, sai a canza bakin injin a sa wanda ya fi kauri a sake, haka haka har ramin ya kai. Abun da ya fi ba ni mamaki lokacin ɗaure notin, da wani ɗan ƙaramin sifana yake juyawa ina jin ƙas ƙas ƙas, na ce a raina yau ni ce a hannun bakanike. Aka ɗinke aka ba ni auduga na cije. Wallahi cire turmin da aka taɓa yi min ya fi wannan wahala nesa ba kusa ba. Kumatu ya kumbura kwana biyu zuwa uku, ina ɗora ƙanƙara a tsumma, kunu da fate mai sanyi da yogot su ne abincina, sai kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi bayan kwana ɗaya ya wuce, a hankali ba da ƙarfi ba.

Abun da ba wanda ya gaya min shi ne zaman jiran. Ka biya kuɗi mai yawa ka koma gida ka duba madubi giɓinka na nan yanda yake, maigidana har tsokanata yake yi wai ina haƙoran da muka saya. Sai bayan watanni aka ɗan buɗe wajen aka sa wasu ƙananan maɓallai na ƙarfe don dasashi ya zagaye su, aka auna, sannan aka kawo haƙoran. Farkon sa su na riƙa cizon kumatu da harshe don sun saba da fili, kuma taunar wani iri take, kana jin abu ya fashe amma ba ka jin sa a haƙorin kamar naka na asali. Yanzu na saba har mantawa nake yi.

Wajen kuɗi ka buɗe kunne da kyau. Ka tambaya kuɗin da aka faɗa maka na noti ne kawai ko har da abun da ke haɗa shi da haƙori da haƙorin kansa, da hoto, da ƙarin ƙashi in za a yi, a rubuta maka a takarda. Ni a kashi biyu na biya, na aiki daban na haƙora daban, kuma tsakanin biyun dala ta tashi, tunda kayan duk daga waje ake kawo su sai da na yi ciko. Inshorar lafiya ta wajen aikina ko sisi ba su bayar ba, suka ce dashe ba ya cikin abun da suke ɗauka.

Sai tsafta, nan ne aikin yake. Ƙarƙashin na tsakiyar nan abinci na shiga, musamman nama da zogale, tsinken sakace ba ya fiddo shi. Akwai wani ɗan siririn buroshi da ake zurawa ta ƙasa da wani zare mai tauri a baki ɗaya, kullum da dare sai na yi, in na yi ganda kwana biyu da kaina nake jin wari.

ƊanTasha ya rubuta:

Yallaɓai maganar sati ɗaya a waje bari in tofa tawa don yayana ya yi a Turkiyya kuma ni na raka shi. Gaskiya wajen ya haɗu, an ɗauko mu daga filin jirgi, ga otal ga tafinta, aiki cikin sauri. Amma abun da maƙwabcinka bai faɗa maka ba, wanda ake sa maka a satin nan na wucin gadi ne, na roba mai tauri, kuma cewa za su yi kar ka ci abu mai ƙarfi da shi, na dindindin sai ka sake komawa bayan watanni, wato tikiti biyu biza biyu otal biyu. In ka haɗa lissafin arahar da ake ta faɗa sai ka neme ta ka rasa. Kuma da yawa masu dawowa da farin baki tas cikin sati ba dashe aka yi musu ba, nasu haƙoran aka feƙe aka sa musu hula a kai, mutane suna haɗa abu biyun.

Matsalar da muka samu daga baya ce. Haƙori ɗaya ya fara motsi, ashe ba dashen ba ne, ɗan ƙaramin notin da ke ɗaure haƙorin a kan dashen ne ya kwance, abun da ba zai ɗauki rabin awa ba a ɗaure. Muka yi ta yawo a gari, duk likitan da muka je sai ya ce wane kamfani ne, mu kuma ba mu sani ba, ba su ba mu wata takarda ba, a WhatsApp kuma wanda muke magana da shi ya daina ɗauka. Ashe kowane kamfani da irin bakin notinsa da abun kwance shi, na wannan ba ya shiga na wancan. Da ƙyar aka samu wani ya gane shi ta hoto ya yi odar abun, duk tsawon lokacin yaya da gefe ɗaya yake ci.

Ni ban ce kar a je ba, akwai ƙwararru can sosai. Amma ko a ina ne, gida ko waje, kar ka fita sai an ba ka kati mai ɗauke da sunan kamfanin, da tsawo da kaurin kowane noti da wajen da aka sa shi, akwai ɗan sitika da ke zuwa a kwalin a liƙa maka. Kuma ka tambaya ko irin wanda ake samun kayansa a Najeriya ne, irin su Straumann ko Nobel Biocare ko Osstem na Koriya dai sanannu ne. Ga mai suga kamar kai da ake son a riƙa dubawa akai-akai, ni dai da likitan da zan iya hawa adaidaita in je wajensa zan yi.

TsohonMalaminMakaranta ya rubuta:

Ni fa ɗana ban ga abun da ya yi zafi ba. Na fi shekara ashirin da haƙorin cirewa, na ci tuwo na ci nama na aurar da 'ya'ya, ba wanda ya huda min ƙashi. Wanda aka yi maka ne ƙila bai zauna ba, ko irin na roba zalla ne mai arha. Akwai mai firam na ƙarfe siriri da ke kama haƙoran gefe, ba ya rufe ganɗa duka kuma ba ya rawa kamar wancan, kuɗinsa bai kama ƙafar na dashe ba. Da dare ka cire ka wanke ka sa a ruwa, shikenan.

Yanzu an mayar da komai sai mai tsada. Mutum yana da iyali ga kuɗin makaranta ga hidimar yau da gobe, a ce ya zuba miliyoyi a baki. In kana da hali ba na hana ka, dukiyarka ce, amma kar ka ci bashi ko ka taɓa jarin shago saboda wannan. Kuma in dole sai ka yi, ni a ganina na gaban da ke hana ka sakewa da mutane shi ne abun yi, na ƙuryar wa ke ganinsa.

AbuSumayya ya rubuta:

Game da addini Alhaji, abun da na karanta a gaban malamai shi ne mayar da abun da ya lalace magani ne, ba canza halitta ba ne. Hujjar da aka fi kawowa hadisin sahabi Arfaja ɗan As'ad ne, wanda aka yanke masa hanci a wani yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, sai Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i duk sun ruwaito shi. To in an halatta wa namiji zinare saboda lalura, ina ga ƙarfen da ba a hana shi ba tun asali. Abun da aka yi hani a kai shi ne feƙe lafiyayyun haƙora a yi wushirya don ado kawai. Alwala da wanka ba sa buƙatar a cire shi tunda a kafe yake, kurkurar baki ta wadatar.

Inda zan ce ka yi tambaya shi ne wajen ƙarin ƙashin nan, don na ji ana yin wasu kayan daga dabbobi. Likita zai fi ni bayani. In ka ji daga me aka yi shi sai ka kai wa malamin da ka yarda da shi.

MaiYadi ya rubuta:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, wallahi na fi fahimta a nan fiye da zaman da na yi a asibitocin biyu. Baba na ji shawararka kuma ba zan taɓa jari ba in sha Allahu. Likita saura tambaya uku: maganar da Baba ya kawo ta in yi na gaba in bar na ƙurya, ko kuma in rarraba aikin, zai yiwu? Sai ƙashin da Malam ya ambata. Sannan goro fa, dan Allah kar ka ce in bari.

LikitanBaki ya rubuta:

Rarrabawa na yiwuwa sosai Alhaji, aikin kowane ɓangare ana iya yin sa daban, kuma maganar Baba ta haƙorin cirewa mai firam ɗin ƙarfe gaskiya ce, magani ne mai kyau ba na talaka kawai ba. Inda zan ɗan saɓa masa da girmamawa shi ne barin ƙuryar haka nan. In babu turame a baya nauyin tauna gaba yake dawowa, kuma a gaban ne za a sa noti ɗaya mai ɗauke da haƙora biyu. Don haka in na gaban za ka fara, to a yi maka mai firam ɗin a ƙasa ya riƙe maka kafin ka tara na sauran. Akwai ma wata hanyar rage kuɗi, ka tambaye shi ko za a mayar da biyu kawai a ƙasan a bar turmin ƙarshe, mutane da yawa suna tauna lafiya lau ba shi, ya danganta da yanda na samanka suke.

Ƙashin da ake ƙarawa iri-iri ne. Akwai naka na kanka da ake kankarowa daga wani gefe na muƙamuƙi, akwai na saniya da aka sarrafa ya zama gari, akwai na mutum daga ma'ajiya, akwai wanda aka haɗa a masana'anta ba dabba a ciki. Wanda mutane ba su cika tambaya ba shi ne 'yar fatar da ake lulluɓe garin da ita, da yawa daga cikinsu daga alade ake yin su, amma akwai na saniya da na haɗi. Ka faɗa masa tun yanzu don ya yi odar wanda kake so, ba ranar aiki kana kwance ba. Kuma ku tsara ranar kar ta faɗo cikin azumi, saboda magungunan da za ka sha da kuma suganka.

Goro kuma ba zan ce ka bari ba don na san ba za ka ji ba. Amma lokacin jiran warkewa ka ajiye shi gaba ɗaya, ɓarɓashinsa na shiga ɗinki. Bayan an gama, ka riƙa fasa shi da hannu ko wuƙa ka tura baya, kar ka gantsara da na gaban, haka rake da ƙashin kaza da buɗe kwalba. Haƙorinka na asali yana da wani siririn nama tsakaninsa da ƙashi da ke sanar da kai in ka cije abu da ƙarfi, dashe ba shi da shi, abun da Hajiya ta ce tana ji kenan, shi ya sa mutum zai iya fasa haƙorin da aka ɗora a kan dashen bai ankara ba. Sannan kafin a zaɓi launin sababbin a fara wanke maka baki a kankare jan goron, in ba haka ba za a daidaita su da launin datti, ranar da ka wanke su fita daban.

Wankin nan dama wajibi ne kafin aiki, a cike duk wani rami a magance dasashi in yana jini, don dashe ba ya ruɓewa amma dasashi da ƙashin da ke kewaye da shi suna kamuwa, kuma ba ya ciwo da wuri, sai dai ka ga jini wajen goge baki ko mugunya ko wari. Duk wata shida ka je a duba. In kana shan maganin tsinka jini ko na ƙarfin ƙashi ka faɗa masa, kar ka daina da kanka. In kuma kana son ji na uku kafin ka yanke, ɗauki hoton CBCT ɗin naka ka kai sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya, akwai manyan likitocin tiyatar baki da muƙamuƙi a can. Hoton naka ne, ka ce su ba ka shi a faifai ko filasha, ba takarda kawai ba.